Hannun Ramatou

Shekarar da kogi ya janye har mutane suka riƙa tsallakowa unguwarmu ta Harobanda da ƙafa, ina koyarwa a wata rumfar zana da muke kira aji. Rana takan tsiyayo ta ramukan zanar, ɗigo-ɗigo a kan yara, su kuwa yunwa ta sa suna lumshe ido kamar masu jin kiɗa daga nesa. Ni ma wani lokaci sai in ga allon yana lilo.

Ran nan aka aiko mana ɗan sanda, Halidu, wai ya yi wa yara gargaɗi kan ƙwaya da faɗan daba. Soja ke mulki, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Dogo ne siriri, wandonsa ya yi masa yawa, fari bai bar masu kaki ba su ma. Ya fara da Faransanci, ya ga yara sun tafi wata duniya, ya koma Hausa. Sai ya buɗe ƙyalle, ga ƙwayoyi ja ƙanana suna ƙyalli a cikin ɗigon rana.

"Wannan tana hana gajiya yau, gobe ta cinye mutum," in ji shi. "Wa ya taɓa ganin irinta a gida?" Ya zaro littafi da biro.

Nan take na tuna da gidan ɗalibata Ramatou. Ubanta Lawali daga Tahoua ya zo bayan shanunsa sun mutu. Yashi yake ja a kura daga cikin kogi tun safe har magariba, kuma ba tuwo ke ba shi ƙarfin nan ba. Shi kaɗai ya rage mata. In sunansa ya shiga littafin nan, sai komisariya, ofishin ƴan sanda, ba mai sanin ranar fitowa.

Ramatou tana can baya, ido rabi a rufe, tana murmushi. Na tabbata shanun take gani, kullum su take zanawa a allonta. A hankali hannunta ya tashi, kamar ba nata ba. Ni na koya mata faɗin gaskiya, ranar kuwa na ji haushin kaina.

Halidu ya dubi hannun, ya dubi jan yashin da ya manne a ƙafafunta. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya rufe littafin.

"Madam, ƴar nan ƙishirwa take ji. A ba ta ruwa."

Na ja ta zuwa randa, na ɗebo ruwa a moɗa.

"Madam, ni ban ce ina jin ƙishirwa ba," ta ce. "Baba ne yake..."

"Sha dai, ƴata," na ce. Na riƙe mata moɗar a baki har ya gama ɗaure ƙyallensa.