Gwangwanin Bayan Madafa

Ƙarfe huɗu na yamma ruwan ya ɗauke, ya bar ƙasa da laushi, sama kuma ba ta washe ba. Mai walda ya shigo filin ta ƙofar kwano, sabuwar na'urar gano ƙarfe a kafaɗarsa, ko ledar mariƙinta bai ɓare ba. Doguwar sanda ce mai faifai a ƙasa. In faifan ya bi ta kan ƙarfe, sai ta yi ƙara.

A nan gidansu yake kafin a rushe unguwar. Yanzu babu komai sai turaku da zaren da magina suka ja, gobe da safe kuma za a zuba kankare. Yau kwana uku yana zuwa, daga yau kuwa shi ke nan.

Tun da mahaifiyarsa ta rasu tsohonsa ya daina magana. Su biyu ne a ɗakin haya, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Abu ɗaya ne ke buɗe bakin tsohon: gwangwanin tsoffin kwabbai masu huji da shi da marigayiyar suka binne a bayan madafa, shekarar da aka daina karɓarsu. Ko ashana ba za su saya ba. Amma kullum mai walda ya dawo, sai tsohon ya ɗago kai ya dubi hannunsa. Yayan mai walda, da ya ji labarin na'urar a waya, dariya ya yi, ya ce in an haƙo zinariya a tuna da shi, ya kashe wayar.

Na'urar kuwa ba ta san shiru ba. Taku biyu, ƙara. Ya durƙusa ya tona, ba komai. Taku uku, ƙara. Filin duk ya zama ramuka. Takardar da ta zo da na'urar ya sha juya ta, amma rubutun ƙanana ne, harshen ba nasa ba, sai hotunan kawai ya bi.

Mai gadin filin, wani dattijo mara yawan magana, yana zaune a kan bulo yana kallo. Tun ranar farko ya ce ya yarda a shiga, amma ƙarfe shida zai sa kwaɗo, don injiniya ya ja masa kunne, shi kuma ba shi da wani aikin sai wannan gadin. Da ya gaji da kallo sai ya taso, ya ce a miƙo masa sandar. Ya bi da faifan ta kan ƙasa, shiru. Ya kai shi kan ƙafar mai walda, na'urar ta tsala ihu.

"Ɗana, kwana uku ƙafarka kake farauta."

Mai walda ya dubi ƙasa. Takalmin aiki ne, mai ƙarfe a baki don kare yatsu. Ya daɗe da manta da ƙarfen. Ga shi ya saba aiki a sunkuye, hannu kusa da jiki, don haka faifan bai taɓa yin nisa da ƙafarsa ba.

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa mini tun shekaranjiya ba?"

"Na ɗauka haka ake yi. Ni ina na taɓa ganin irinta?"

Ba wanda ya yi dariya. Mai walda ya cire takalmin, ya ajiye can nesa. Laka mai sanyi ta shiga tsakanin yatsunsa. Ya auna inda bayan madafa yake da ido daga turken lantarkin da ke tsallaken titi, wanda a da ake hangensa ta tagar madafa, ya fara bi layi-layi a hankali.

Yanzu na'urar ta yi tsit, har ya fara kewar ƙarar. Can ta ba shi ƙusa. Can marfin kwalba. Can rabin cokali, wanda ya daɗe yana juyawa a hannu kafin ya sa a aljihu.

Shida saura kwata, na'urar ta yi wata 'yar siririyar ƙara. Ya tona da yatsu. Kwabo ne guda, ya yi kore, hujinsa cike da laka. Ya faɗaɗa ramin, babu gwangwani, babu na biyu. Wataƙila motar rusau ce ta fasa gwangwanin ta watsa su. Ya goge kwabon a rigarsa, ya damƙe shi a hagu, ya koma farkon layi na gaba.

Shida ta cika. Mai gadi ya miƙe da kwaɗon a hannu, ya je bakin ƙofa. Ya dubi agogonsa, ya leƙa titi, ya waiwayo ya dubi abin da ya rage wa mai walda na bayan madafa, wajen rabi. Ya rataye kwaɗon a buɗe, ya jawo bulonsa bakin ƙofar, ya zauna yana fuskantar titi.

Mai walda bai ɗago ba. Bai ma san shida ta yi ba.