Awa Huɗu Tsakani

"Ba zan dama ba, Gwaggo. Sai ƙarfe biyu."

Auta ta cusa fakitin garin maganin a aljihunta, ta jingina da ƙofa. Mama na zaune a bakin gado, tana kartar ƙwaurinta da murfin biro.

Shekara biyu ke nan da aka gano ciwon hantar Mama, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi. Magungunanta biyu ne: ƙwayar da ke kare hantar, da garin da ake damawa saboda ƙaiƙayi. Ƙarfe goma ta haɗiyi ƙwayar. Likita ya ce a bar awa huɗu tsakani, in ba haka ba garin zai riƙe ƙwayar a hanji, ta fita ba ta yi aiki ba.

To, huɗun ya ce? Takardar cikin kwali awa ɗaya ta rubuta. Mai kantin magani ya ce biyu ma ta isa. Auta ta duba bayan katin asibiti, inda ta rubuta da hannunta, sai ta tarar ruwa ya taɓa wurin, tawadar ta baje. Sau biyar tana kiran asibitin, ba a ɗauka ba.

Gwaggo, ƙanwar marigayi babansu, ta ce ita dai ba ta da digiri, amma ba ta taɓa jin wanda shan magani da wuri ya kashe ba.

"Wai agogon ne ya haife ki, ko ita?"

Gwaggo ta kira Yaya, wan Auta, a wurin aikinsa, ta ƙara murya don kowa ya ji. Ya ce a dama yanzu, karatun Auta ya fara yi mata yawa. Auta ta ce in ya matsu ya zo ya ciro daga aljihunta.

Ta jiƙo tawul ta durƙusa za ta shafa wa Mama. Mama ta janye ƙafarta.

"Ba umarni nake ba ki ba, Auta. Roƙonki nake."

Sha biyu da kwata. Hannun Auta ya shiga aljihu, ya taɓa fakitin. Ta tuna gwajin jinin da ya ɓaci a bara, lokacin da ake haɗa magungunan biyu da safe. Amma likita bai ce wannan ne dalili ba; cewa ya yi mai yiwuwa. Ta zaro hannun ba komai.

Ƙarfe biyu daidai ta dama. Mama ba ta karɓi kofin ba sai da ya bi ta hannun Gwaggo.

Da yamma Auta ta wanke zanin gadon, jinin susa layi-layi a jikinsa. Tun daga ranar, mako uku ke nan Mama ba ta kira ta Auta ba, sai dai "ke". Gwajin da zai nuna ko tana da gaskiya kuwa, sai nan da wata biyu.