Rabin Lambar Sirri

Wayar ta girgiza a tafin Grema, wani ɗan guntun saƙo ya fito. Bokonsa bai kai ya karanta ba, sai ya miƙa ta ta tagar rumfar ga Lawali mai tura kuɗi.

"Ta ce lambar ba daidai ba ce," in ji Lawali. "Saura biyu, Baba Grema. Wannan abar ba ta ganin furfura, ba ta jin rantsuwa. Kuskure uku, ta kulle bakinta."

Ranar kasuwa ce a Diffa. Ƙaurin busasshen tattasai ya cika layin, masu jiran a tura masu kuɗi suna ta atishawa a bayansa. Grema ya karɓi wayar, ya jefa ta aljihu, ya ratsa ta tsakanin buhuna ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Wayar ta ƙanensa ce, Al-Amin. Yau kwana biyar ke nan da yaran daji, 'yan bindigar nan, suka harbe shi a gonar tattasai, bakin Komadugu. A gida ya bar ta, kamar kullum, don duk wanda suka tarar da waya a can sai su ce ɗan rahoton soja ne. Kuma duk abin da Al-Amin ya mallaka yana cikinta. Tun ranar da suka gudo daga Baroua, gidansu ya ƙone da tukunyar da yake ajiya a ciki, bai sake yarda da kuɗin takarda ba. Yana sayar da tattasai zai zo wurin Lawali a zuba masa a layi. Abincin marayunsa biyu, Aziza da Yasin, yana bayan lamba huɗu.

Biyu daga cikin huɗun suna kan Grema. Bara, da suka dawo daga jana'izar wani maƙwabci da ya tafi kabari da lambarsa a baki, Al-Amin ya ja shi gindin dogon yaro, ya raɗa masa ta farko da ta biyu. Ya ce a garin nan kowa da likkafaninsa yake fita, gara mutum ya shirya. Ragowar biyun kuma suna hannun wani amintacce. Grema bai tambaya ba, don ya ɗauka liman ne. Shekara guda yana yawo da lambobin nan a ƙirji kamar laya. Sojoji sun hana babur, sun raba shi da kabu-kabunsa, gonarsa ta zama dajin da ba a shiga, amma yana da abin da ba wanda ya isa ya ƙwace: shi ne wanda ƙanensa ya zaɓa.

Ranar sadakar uku ya je wa liman da maganar. Liman ya ce shi bai san komai ba. Shi ya sa yau ya gwada sa'arsa da shekarar da mahaifinsu ya rasu. Ya tabbata ita ce. Wa ya san Al-Amin kamar wanda ya goye shi?

* * *

Yana shiga gida matarsa Meram ta ce uwar Aziza ta aiko har sau biyu tana nemansa.

Kellu, uwar Aziza, 'yar Malam Fatori ce, daga tsallaken Komadugu. Da ƙafa ta tsallako Nijar da ƙunshin kaya ɗaya da takardar gama sakandare. Al-Amin ya gan ta a layin rabon gero, bayan wata huɗu ya aure ta. Tun daga nan Grema ya fara jin wata sabuwar magana a bakin ƙanensa: bari in yi shawara a gida. Wanda a da ko takalmi ba ya saye sai ya tambayi Yaya.

Ya same ta cikin takaba, bayan labulen ɗaki. Ya zauna a kan tabarma daga waje, ƙafafunta kawai yake gani. Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, na ji kun je wurin liman. Da kun tambaye ni. Ragowar biyun suna wurina."

Grema ya ji kamar an watsa masa garin barkono a ido.

Ta ci gaba a natse. Marigayin ya tsara komai, in ji ta. A kira liman da dattijo ɗaya. Yaya ya danna nasa biyu, tunda ba su fitowa a fuskar waya sai taurari, ya turo mata ta ƙarƙashin labule ta cika. Lawali ya kawo kuɗin har gida, liman ya raba bisa shari'a, rabon yara kuma ya zauna hannun Yaya, shi ne ubansu yanzu.

"Faɗa mini su kawai," in ji Grema. "Me ya kai mai takaba ga danna waya?"

"Ya rantsar da ni da Alƙur'ani, Yaya. Ya ce da yatsa, ban da baki. Ku ma na san haka ya ce maku."

Haka ya ce masa, kalma da kalma. Wannan ya fi komai ƙona shi. Shi da ya yi wa Al-Amin kaciya da kuɗin guminsa, ya ɗauko shi a kafaɗa ranar da kunama ta harbe shi, ya biya sadakin wannan da ke magana. Shekara talatin da takwas a gefe ɗaya, shekara shida a ɗaya gefen, yaron ya ɗora su a sikeli ya ce sun yi daidai. Biyu da biyu. Kuma nata ne na ƙarshe. Ita za ta buɗe, a gaban liman, shi kuwa yana zaune a waje kamar ɗan aike.

"Ya ce ku ne farko don ku ne gaba," in ji Kellu, kamar ta ji abin da ke ransa.

"Ashe har ni ake tattaunawa a ɗakin nan."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ta ce geron gidan ba zai kai Juma'a biyu ba. Ya ce Allah ne mai ciyarwa, ya fita.

* * *

Meram ba ta raga masa ba. Tana tankaɗe tana cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin namiji ya yi takara da matar ƙanensa a kan gawa ba. In ƙauna yake son aunawa, ya je maƙabarta ya tambaya. Ya ce ta yi masa shiru, ta ce to, ta ci gaba.

Shi kam lissafinsa daban ne. In ya gano lambobin da kansa, zai shiga gidan da kuɗin a hannu, ya zube su gaban labule, ko dala ba zai taɓa ba. A san cewa ba a buƙatar 'yar Malam Fatori kafin a karanta zuciyar Al-Amin.

Bayan kwana uku ya koma wa Lawali da sha biyar, shekarar da suka bar Baroua. Wayar ta ƙi.

Lawali ya riƙe ta bai mayar ba. Ya ce ya ga irin wannan ya fi a ƙirga: mai kuɗi yana ƙasa, kuɗi suna sama, 'ya'ya suna tsakiya suna hamma. In akwai wanda ya san lambar, ko a Bosso yake, a je a durƙusa masa.

"Kai aka kashe wa ƙane?" in ji Grema.

Lawali ya saki wayar.

Sati guda Grema bai taɓa ta ba. Sau biyu ya nufi gidan Kellu, sau biyu ya wuce ƙofar kamar masallaci za shi. A na biyun ya ji muryar Yasin yana tambayar uwarsa ko yau ma kunu ne. Ya tsaya, ya sa hannu a aljihu. Sai ya ji ta tana lallashin yaron da wata waƙar Barebari da Al-Amin ke yi tun yana ƙarami, waƙar da shi Grema ya koya masa. Har wannan ma ya ba ta. Ya cire hannunsa ya wuce.

Da hantsi washegari ya zauna shi kaɗai a bayan gida. Wata lamba ta daɗe tana yi masa kaikayi, yana kore ta tana dawowa: shekarun Kellu ranar da aka ɗaura masu aure. Ashirin da biyu. Al-Amin ya sha faɗa yana dariya. In har ita aka ba ajiya, to da abin da ya shafe ta aka kulle. Ya danna nasa biyu. Yatsansa ya tsaya. Taku ɗari biyu ne tsakaninsa da labulen nan. Ya danna ragowar.

Saƙo ya fito, dogo, ba irin na da ba.

Abin da ya fara ji daɗi ne. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa: ba ita ba ce, yaron bai kulle dukiyarsa da ita ba. Har ya yi murmushi. Murmushin yana bakinsa lokacin da ya tuna kuskure na uku ke nan.

* * *

A ofishin kamfanin waya wani saurayi mai farar riga ya ce abu mai sauƙi ne, mai layin ya zo da katinsa a sake masa lamba. Grema ya ce mai layin ya rasu. Saurayin ya yi masa ta'aziyya, ya danna wani abu a na'urarsa, ya ce to yanzu asusun ya tsaya cak sai magada sun kawo takardu: shaidar mutuwa, da takardar gado daga kotu.

Shaidar mutuwa daga ina? A bakin ruwa aka binne Al-Amin, cikin gaggawa, kafin yaran daji su dawo. Ba likita, ba jandarma. A ma'aikatar magajin gari aka ce ya nemi hukuncin alƙali. A kotu aka ce ya kawo mutum biyu da suka gani da ido.

Ilu, wanda ya haƙa kabarin da fartanyarsa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce gonar tana cikin yankin da soja suka hana shiga. Ya tsaya gaban alƙali ya ce yana wurin? Tambaya ta biyu ita ce wa ya ba shi izini, ta uku kuma nawa yake ba yaran daji kafin su bar shi ya yi ban-ruwa. Yana da 'ya'ya bakwai. Wani manomin da shi ma aka yi binnewar a gabansa, da ya ji abin da ke tafe da Grema, sai aka ce ya yi tafiya Zinder.

Meram ce ta kai wa Kellu labari. Da ta dawo Grema ya tambayi abin da ta ce. Tambaya kawai ta yi, in ji Meram, ko Yaya ya ci abinci.

Wata huɗu da kwana goma suka cika. Kafin nan katifar ta tafi, injin ban-ruwan ya tafi, 'yan kunnen Aziza sun tafi. Grema yana aika kwanon gero in ya samu, bai taɓa kai shi da kansa ba. Ranar da Kellu ta fita takaba ta aiko cewa za ta koma Gagamari wurin gwaggonta, a zangon 'yan gudun hijira, ko a sa sunan yaran cikin masu karɓar taimako.

Ya same su a tasha, sun riga sun hau bayan wata akori-kura, tsakanin jarkoki da buhunan gawayi. Rabonsa da ganin fuskarta tun kafin rasuwar. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ta sa yaran suka gaishe shi. Ya shafa kan Yasin, ya yi ta gyaran murya. Direba ya tayar da mota.

"Uwar Aziza," ya ce, yana duban tayar motar, "yanzu ai ba su da sauran amfani. Mene ne biyun?"

Ta dube shi, ba fushi a idonta, gajiya ce kawai.

"Ya ce ku ne farko, Yaya. Ku faɗi naku, in cika."

Grema ya buɗe baki. Suna nan a kan harshensa, ƙanana, marasa nauyi. Su kaɗai suka rage masa waɗanda ba ta sani ba. Ta jira. Karen motar ya buga ƙarfe, tayoyi suka fara juyawa, tana dubansa har suka hau kwalta.

Sai da motar ta zama ɗigo a hanyar yamma ya faɗe su, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wata mai tallan ƙosai da ke wucewa ta ji lambobin, ta tsaya, ta sauke farantinta, ta tambaye shi na nawa za a zuba masa.