Tamfol Ya Tafi Biki

Jibrilla ya shigo Jalingo da hantsi, tirelarsa cike da siminti. Tun da garin ya zama babban birnin jiha kowa gini yake yi, har wanda bai da fili.

Yana kashe mota a harabar kamfani, Barnabas wakilin maigida ya fito daga ofis yana gyara nakatayal ɗin wuyansa.

"Kawo makulli. Hutu ya fara."

Dokar Alhaji Siddiq ce, mai motocin, da ke zaune a Kano. Tun da wani direbansa ya yi gyangyaɗi ya kwanta da mota a rami, ya ce duk wanda ya iso Jalingo sai ya huta yini da kwana. Ba ya taɓa sitiyari, ba ya barin harabar. Wanda ya karya, kora.

"Kuɗin kwana fa, Oga?" in ji Jibrilla.

"Za ka kwanta kuma a biya ka? Ni ma ina son irin wannan aiki."

"Maigadi fa? Ai ana biyansa don motar ta kwana lafiya."

"Mota dukiya ne."

"Ni kuma bola ce?"

Barnabas ya jefa makullin a aljihu ya wuce. Can sai ga shi da ƙarti, suka kwance tamfol ɗin da ke rufe da simintin, suka naɗe, suka cusa a akori-kura. Ƙanwar matarsa ake wa aure a ƙauyen Kona, ana neman rumfa.

"Damina ce fa," Jibrilla ya ce daga kan tabarma.

"Kai dai huta. Sama ba aikinka ba."

Ya huta. Cikinsa ne ya ƙi. Esta mai abinci a bakin ƙofa ta ɗaga murfin tukunya, ƙamshin miyar kifin garin Lau ya zagaye harabar. Ya matsa ya yi mata sallama mai tsawo.

"Maman Rejoice, an ce ke ce uwar direbobi."

"Na masu kuɗi. Kai ɗan waye?"

Ya koma tabarmarsa.

Bayan la'asar gabas ta haɗa baƙi. Iska ta fara kwasar ledoji. Barnabas ya diro daga kan babur cikin babbar rigar biki, da shinkafa a gemu.

"Malam Jibrilla, tashi ka sa mota cikin sito."

"Yau kuma Malam na zama?"

"Ruwa zai sauka. Siminti zai zama dutse."

"A kawo tamfol mana."

"Amarya yana ƙarƙashi."

Jibrilla ya gyara hular da ya yi matashi da ita. "Hutu nake, Oga. In na taɓa sitiyari Alhaji ya kore ni."

"Wa zai gaya masa?"

"Ni. Ba na ɓoye wa maigida komai. In ya tambayi tamfol ma, zan kwatanta masa gidan bikin."

Barnabas ya dubi sama, ya dubi tirelar. Ya tattare babbar riga ya haye gaban mota. Ai yana tuƙa ƙaramar mota Bitil ta surukinsa, me zai gagara? Ya tayar, ya laluba giya, ya saki kuloci. Ƙofar sito tana gaba, tirelar ta zaɓi baya. Ta tafi a natse kamar mai zuwa gaisuwa, ta ture bencin Esta, ta taka babbar tukunya, sannan ta mutu.

Miya ta malale a ƙasa. Esta ta tsaya da ludayi a hannu.

"Sauko, Barnabas. Sauko in yi maka wankan biki."

Barnabas ya murza gilashi ya rufe. Ɗigon farko ya faɗo a kan bonet.

Jibrilla ya taso yana miƙa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ɗaya. Barnabas ya buɗe kaɗan.

"Nawa kake so?"

"Ba cin hanci nake nema ba, ni mutumin kirki ne. Tambaya ce. Kwanciyar da nake yi a nan, don kaina nake yi ko don kamfani?"

"Kamfani."

"Wanda ke yi wa kamfani abu, me sunansa?"

"Jibrilla, ruwa."

"Ba sunansa ruwa ba."

"Ma'aikaci. Hutu aiki ne, na yarda. Za a biya."

"Ni kaɗai?"

"Duk direba. Daga kuɗin hanya zan fitar, ni zan yi wa Alhaji bayani."

"Maman Rejoice, kin ji?"

"Na ji. Da tukunyata."

"Da tukunyarta," Barnabas ya ce.

Ya sauko ta ɗaya ƙofar, nesa da ludayi. Jibrilla ya hau, ya tayar, ya cusa tirelar cikin sito. Gindinta na shigewa sama ta ɓalle. Suka tsaya su uku a bakin ƙofa suna kallon ruwa yana wanke miya.

Barnabas ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa Jibrilla ba tare da ya dube shi ba. "Gobe da safe a sauke kaya, ka kama hanya. Kada in ƙara ganinka."

"Jibi dai."

"Wane irin jibi?"

"Doka ta ce yini da kwana ba taɓa sitiyari. Yanzu ka sa na taɓa. Hutun ya lalace, sai an sake sabo." Ya juya wajen Esta. "Mama, ƙaramar tukunyar ta tsira ko? Zuba mini da kan kifi, Oga ne mai biya har jibi."