Abin da Allura Ta Ji a Hannun Auta

Ƙanwata Auta tela ce, kuma da hannunta na dama take ci take sha. Ranar da na leƙa shagonta na ga hannun ya langaɓe daga wuyansa, yatsu sun rataya, ko almakashi ba ta iya ɗagawa. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Mijinta, wani direban tifa mai wuya kamar na bijimi, ya ce haka ne, makon jiya abin ya faru. Ban taɓa son mutumin nan ba, ban kuma taɓa ɓoye masa ba.

A asibiti aka tura mu ɗakin gwajin jijiya. Ɗan tsukukun ɗaki ne, gado ɗaya, kujerar ƙarfe, sai na'ura mai allo da lasifika. Likitan dattijo ne marar son surutu. Ya ce zai soka siririyar allura cikin tsoka, na'urar kuma ta jiyar da mu ko jijiya tana isar da saƙo. In ta tsinke sai tiyata, kuma ba lallai hannun ya sake riƙe almakashi ba. Ya nemi mijin ya jira a waje, ya ƙi. Ya toge a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Saki hannun gaba ɗaya," in ji likita. "Lafiyayyar tsoka in tana hutawa shiru take yi."

Ya soka allurar ƙasa da gwiwar hannu. Lasifika ta fara tsat-tsat, kamar yayyafi a kan rufin kwano.

"Yaushe kika ce kin faɗi?"

"Makon jiya," mijin ya amsa.

"Ita na tambaya. Wannan ƙarar ba ta farawa sai ciwo ya yi makonni."

Ya matsar da allurar sama, ya ce ta ɗan yunƙura. Ƙarar ta yi kauri, dum, dum.

"Wannan kuma jijiya ce da ta taɓa lalacewa ta sake tsirowa. Abin watanni ne. 'Yata, hannun nan ba sau ɗaya aka ji masa ciwo ba."

Auta ta ƙura wa silin ido.

"Tashi mu tafi," in ji mijin. "Magani na kawo ki, ba bincike ba."

Kafin likita ya buɗe baki, mijin ya cafki hannun nan mai ciwo ya fizga, allurar tana ciki. Waya ta tsinke, allurar ta yage fata, jini ya gangaro har gwiwar hannu. Auta ba ta yi ihu ba. Kanta kawai ta cusa cikin kafaɗa ta rufe ido, yadda wanda ya saba yake yi. Ganin wannan ne ya haukata ni.

Na suri kujerar ƙarfen na maka masa a gadon baya. Ya juyo ya naushe ni a baki, na haɗu da bango, gishirin jini ya cika mini harshe. Ya shaƙo ni, na gantsara masa cizo a babban yatsa har na ji ƙashi. Da ya sake ni na sake ɗaga kujerar, ya kare da hannu, ƙafarta ta sauka a wuyan hannunsa. Na ji ƙas. Ya durƙusa yana gurnani, na ƙara masa a kafaɗa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, kuma da masu gadi ba su shigo ba da ban tsaya ba. Biyu suka ja shi waje, ɗaya ya rirriƙe ni.

Nas ta ɗaure wa Auta ciwon, ta ba ni auduga na danne leɓe. Likita ya sauya waya, ya buɗe sabuwar allura.

"Za ki iya mu ƙarasa?"

Ta gyaɗa kai. Ya soka allurar gefen bandejin.

"Ɗaga hannun. Da duk ƙarfinki."

Hannun ko motsi bai yi ba. Amma can cikin lasifika wani abu ya ce tak, ya yi shiru, ya sake cewa tak.

"Jijiyar ba ta tsinke ba," in ji shi. "Hannun zai dawo, za ki yi ɗinkinki. Sai dai ba zai jure wani ciwon ba."

Kuka ya ƙwace mini, jini da hawaye suka haɗu a audugar. Na ce, "Auta, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba ta kalle ni ba. Ta sa hannun hagu ta janye zanenta zuwa gwiwa.

"Likita, tunda allurar tana nan, ka duba mini ƙafar nan ma. Tun bara nake janta."