Agogon Baba Ya Yi Shiru

"Alamar batir ta sake yin ja," in ji Baba, yana miƙa wa mai aski wayar ta ƙarƙashin farin ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya. "Ga ƙwallo ko hutun rabin lokaci ba a je ba."

Tun safe aka ɗauke wuta, don haka talabijin ɗin shagon ya zama ado. Mai aski ya ajiye reza ya leƙa wayar, sai ya kama baki.

"Haba Baba! Waifai a kunne, lokeshan a kunne, bulutut a kunne, ga data. Ai ko jaki aka yi wa wannan lodin sai ya durƙusa. Data kawai ƙwallo ke so. A kashe sauran?"

"Kashe su duka, har da danginsu."

Baba bai san cewa agogon da ke hannunsa ta bulutut yake magana da wayar ba. Autarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta ɗaura masa shi bayan zuciyarsa ta kwantar da shi bara. Agogon yakan ƙirga bugun zuciya ya faɗa wa waya, waya ta kai wa Auta rahoto a wurin aiki. Shi dai a wajensa agogo ne mai tsegumi.

Caji ya daina zuba kamar an toshe rariya. Baba ya gyara zama. Kiran Auta ya shigo daidai ana bugun kwana, ya ture shi da yatsa. Ya sake shigowa, ya sake turewa.

"Yarinyar nan ba ta san lokaci ba. In an tashi na kira ta."

Da aka gama gyaran gemu, mai aski ya kwantar da kujerar, ya jiƙa tawul da ruwan fulas ya rufe masa fuska. Baba ya ɗora wayar a ƙirji, ya miƙe ƙafafu sambal, yana sauraron mai sharhi.

A haka Auta ta same shi: a miƙe, farin ƙyalle har gwiwa, fuska a rufe.

Ihun da ta yi sai da mai aski ya yar da kwalbar turare. Baba ya zabura ya tashi zaune da tawul a ka, ta kuwa ƙara wani ihun da ya fi na farko.

"Ke lafiya? An ci mu ne?"

"Baba!" Ta dafe ƙofa tana haki. "Waya ta ce min babu bugun zuciyarka. Na duba inda kake, babu. Na kira, ba ka ɗauka. Na je gida, Mama ta ce ka tafi aski, ga ta can a hanya tana kuka!"

"Caji muke tattali," in ji Baba a hankali, yana kallon mai aski.

"Ni dai cewa aka yi in kashe har da dangi," in ji mai aski, ya shiga goge madubin da ba shi da datti.

Baba ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya lura da ita sosai. Rigar aiki ce a jikinta, da safar roba a hannu ɗaya, ko jaka ba ta ɗauko ba. Ta zauna a bencin masu jira ta rufe fuska.

A cikin wayar mai sharhi ya ɗaga murya: an ba ƙungiyar Baba bugun fanareti. Alamar batir kuwa saura siririn zare.

"Baba, fanareti ne fa," mai aski ya raɗa masa.

"Na ji." Ya miƙa wa Auta wayar. "Uwata, fitar min da ƙwallon nan, ki mayar da abin naki. Ba za ta iya ɗaukar biyun ba."

Ta share ido, ta latsa nan, ta latsa can. Shagon ya yi tsit. Can wayarta ta yi ƙara a aljihu, ta ciro ta duba, ta harare shi.

"Bugun ya yi sauri da yawa."

"To ba dole ba?" in ji Baba, ya kasa kunne wajen titi, ko wani zai yi ihun an ci ƙwallon.