Bugu Daga Ƙasa

Nsofwa ce mai haɗa sauti a ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na garin Luanshya. Ita ke kawo tsawa da kukan kaji da tashin jirgi, daga wani akurki a bayan 'yan kallo. A bana wasan nasu a kan mahaƙa tagulla ne da rami ya rufta da su, kuma akwai wurin da za a ji suna buga bututu suna neman agaji.

Bugun nan ya gagare ta. Ta daki bututu da guduma, ta daki tukunyar tuwon nshima, duk darakta Kapembwa, wanda ake kira Ba Kapembwa don girmamawa, ya ƙi.

"Haba Nsofwa, wannan ai mai gyaran keke ne! Ni bugun wanda ya gaji nake so, wanda ya san ba mai zuwa."

Ranar Lahadi da hantsi ta ɗauki na'urarta ta tafi wani tsohon rami a bayan gari, wanda aka rufe tun kafin a haife ta. Ta zura makirufo da doguwar waya ta tsakanin ƙarafan murfin, don ta ɗan samo amon ciki. Ban da ɗigar ruwa ba ta ji komai ba.

Da ta kunna a wajen gwaji, sai ga ɗigar ruwan, can ƙarƙashinta kuma bugu, a hankali, yana tsayawa yana komawa.

"Yawwa! Wa ya buga miki?" in ji Ba Kapembwa.

"Ba kowa, Ba Kapembwa. Ni kaɗai ce a wurin."

"To ki gaishe da ba-kowa, ya iya aiki."

Ta so ta goge, amma wasa saura kwana kaɗan, ta bar shi.

Ranar buɗewa da la'asar zaure ya cika. An kai tsakiyar ruftawar, Nsofwa ta saki sautin, sai wuta ta ɗauke. Na'ura ta mutu, lasifika ta yi tsit. Bugun bai tsaya ba. Yana fitowa daga ƙarƙashin katakon dandamali, har Nsofwa na jin sa a tafin ƙafarta. 'Yan kallo suka fara tafi, sun ɗauka gwaninta ce. 'Yan wasan kuwa suka ƙame, kowa na kallon ƙasa.

Wata tsohuwa mai zanen chitenge ta taso daga kujerun gaba, ta durƙusa a bakin dandamali, ta ƙwanƙwasa katako da hannu.

"Mun ji ku. Ku huta haka nan, mun ji."

Bugun ya yi shiru.

Bayan an watse tsohuwar ta tare Nsofwa a ƙofa. "'Yata, ina kika samo su?"

Nsofwa ta faɗa mata. Tsohuwar ta jinjina kai, ta ce mijinta a ramin nan ya shiga aiki, ba a fito da shi ba.

Washegari suka tafi ramin tare. Tsohuwar ta tsiyaya gorar kunun munkoyo ta tsakanin ƙarafan, ta daɗe tana ba mijin labarin 'ya'ya da jikoki. Nsofwa ta tsaya nesa, ta goge sautin.

Sauran ranakun wasan, in an kai wurin, shiru kawai take saki, Ba Kapembwa kuma bai hana ta ba. 'Yan wasa dai duk suka koma takawa a hankali a kan katakon.